Bambar Motar Dauri: Ta Kurom, Ta Sitenles Ko Ta Roba?

A wannan fitowa za mu leƙa wata kasuwa wadda cibiyarta take Ingila da Amurka da Jamus, watau kasuwar kayan gyaran tsofaffin motocin gudu. Daga cikin kayan nan mun zaɓi abu guda, shi ne bamba, ƙarfen nan da ake gicciya wa mota gaba da baya. Dalili kuwa, bamba tana cikin kayan da suka fi jawo rigima tsakanin mai saye da dillali. Sai a jera maka guda uku a ƙasa, tsawonsu ɗaya, duk suna ƙyalli kamar madubi, amma kuɗin wata ya ninka na wata, kuma wata za ta tsufa tare da motar, wata kuwa damina biyu ta ishe ta ta fara tsatsa. In kaya suka ɓaci, mai mota ba zai tafi neman masana'antar da ta buga su ba, wuyan wanda ya kawo masa zai riƙe. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Abin da muke so ku riƙe tun daga farko shi ne, abu uku ne ke yanka wa bamba kuɗi: shekarar motar da ƙasar da aka yi ta dominta, da abin da mai ita yake nufin yi da ita, da kuma abin da yake ƙarƙashin ƙyallin. Duk bayanin da zai biyo baya a kan waɗannan uku yake.

WACE CE MOTAR GUDU TA DAURI

Motocin da muke nufi su ne ƙananan nan gajeru, akasari masu kujera biyu, wasu ana yaye musu rufi, waɗanda aka ƙera tsakanin shekarun 1950 da na 1970. Akwai Corvette ta Amurka da ta fara fita a 1953, da Jaguar E-Type ta Ingila a 1961, da Mercedes 230SL ta Jamus a 1963, da Porsche 911 wadda ta shiga kasuwa a 1964, da Datsun 240Z ta Japan a 1969. Masu sha'awa sukan sayi gawar irin wannan mota, su kwance ta har noti na ƙarshe, su kankare tsatsa, su mai da ita kamar ranar da ta bar kamfani. Bamba tana cikin abin da ake ɗaurawa daga ƙarshe, ita ce kuma ido yake fara sauka a kanta.

Mu za mu kafa misalinmu da MGB, domin tana cikin waɗanda suka fi yawa, kayanta kuma suna yawo a kasuwa ƙwarai. An ƙera ta a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, an yi fiye da rabin miliyan, fiye da rabinsu kuwa Amurka aka kai su.

Masu sayen bamba kashi uku ne. Akwai mai gasa, wanda yake kai motarsa wurin baje koli inda alƙalai suke duba ko kowane abu na jikinta daidai yake da na kamfani. Akwai mai hawa, wanda yake so ya fita da ita ran hutu ba tare da ya yi ta goge tsatsa ba. Akwai kuma mai tsere, wanda ba abin da ya dame shi sai rage nauyi. Bambar da za ta faranta wa ɗaya rai ita ce za ta ɓata wa ɗaya.

DOKAR DA TA RABA BAMBA GIDA BIYU

Kafin 1973 bambar motar gudu kusan ado ce, siririn ƙarfe mai ruwan kurom, ɗan karo kaɗan ya lanƙwasa ta. Sai gwamnatin Amurka ta kafa doka cewa daga ran 1 ga Satumba 1972 duk sabuwar mota sai ta iya jure karo na gudun mil 5 a awa ta gaba, watau kilomita 8, da mil 2 da rabi ta baya, ba tare da fitila ko lagireto ko tankin mai sun lalace ba. A motocin shekarar 1974 aka mai da baya ma mil 5. Da yake Amurka ce babbar kasuwa, dole kowane kamfani ya bi, kowa da dabararsa.

Masu MGB da farko sun ɗora wasu manyan dunƙulen roba guda biyu-biyu a kan bambar kurom ta motocin da za su Amurka a farkon 1974. Daga Satumba 1974 sai suka bar kurom gaba ɗaya, suka kawo ƙatuwar baƙar bamba wadda kowa yake kira ta roba, alhali fatar wani irin robar masana'anta ce mai suna foliyuretan, da ƙashin ƙarfe mai nauyi a ciki. Ta gaban ta haɗiye har ragar lagireto da fitilun sigina. Aka kuma ɗaga motar sama da inci guda ko ɗan fiye domin ta kai tsayin da dokar Amurka ta nema. Haka aka yi wa MGB ta kowace ƙasa, har ta Ingila, har aka rufe masana'antar a 1980.

Porsche 911 kuwa daga 1974 zuwa 1989 bambar alminiyam aka yi mata mai fenti, da wata roba mai naɗe-naɗe kamar zugazugi a kusurwa. Corvette ta 1973 gabanta roba bayanta kurom, ta 1974 gaba da baya duk roba. A 1982 Amurka ta sassauta dokar zuwa mil 2 da rabi, amma a lokacin an riga an bar siririyar bambar kurom.

To, kun ga inda haɗarin yake. Mutum ya ce maka, "Malam, bambar MGB nake so." In ka ce "an gama" ka tafi, ka ɗauko wa kanka rigima. Ko a zamanin kurom ɗin ma akwai bambanci: ƙahonnin nan biyu da ke tsaye a kan bamba tsurar kurom ne har 1969, daga motar 1970 aka sa musu fuskar roba. Har wa yau, MGB ta 1970 da aka kai Amurka bambarta ta baya gida biyu ce, rababba a tsakiya, shekara guda kaɗai aka yi haka. Saboda haka kada ka karɓi kafin alƙalami sai an ba ka lambar jikin mota. A MGB, lambar da ta fara da GHN ta mai yayayyen rufi ce, GHD kuma ta mai rufin ƙarfe wadda ake kira GT.

TA FARKO: BAƘIN ƘARFE MAI RUWAN KUROM

Wannan ita ce ta asali a kan yawancin motocin da aka yi kafin dokar nan. Aikinta kamar na 'yan kunnen da ake yi wa ruwan gwal ne: ƙarfen ciki daban, fatar waje daban. Ana tsoma bamba cikin tafkin magani, a saki lantarki, ƙarfen da yake narke a ruwan ya riƙa manne mata. Mu kira wurin marina, don kusan aikin ɗaya ne. Tun ƙarshen shekarun 1920 ake yi wa motoci haka.

Rini mai kyau hawa uku ne. Hawa na farko jan ƙarfe, shi ne mai taushi, yana cike ƙananan ramuka, a goge shi ya yi sumul. Na biyu nikel, shi ne mai kauri, shi yake tsare ƙarfe daga tsatsa, shi yake ba da yawancin hasken. Manyan marina ma nikel iri biyu suke sawa, ɗaya bisa ɗaya. Na uku kurom, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Aikinsa ya hana nikel dushewa, ya kuma ba da launin nan mai ɗan shuɗi-shuɗi. A aiki nagari kaurin nikel yakan ninka na kurom sau hamsin ko fiye. Kun ji ke nan, sunan na kurom ne, amma kuɗin da ƙarkon a nikel suke. Mai neman araha a nan yake yin ƙwange: ya tsallake jan ƙarfe, ya shafa nikel sama-sama, ya rufe da kurom. Ranar saye ido ba zai raba ta da mai kyau ba, sai ruwa ya taɓa ta tukuna ƙuraje su fito.

Bambar kurom ta hanya uku take zuwa kasuwa.

Ta ɗaya, tsohuwa ta asali wadda aka sake wa rini. Sai an saɓule tsohon kurom da nikel, a kashe tsatsa, a buge lotsawa, a cike ɓula da walda, a gurza, a goge, sa'an nan a tsoma. Yawancin kuɗin na aikin hannun nan ne, domin rini ba ya rufe aibu, tona shi yake yi. Ƙarzanen da ba a goge ba zai fito ya fi da. In kuma mai gurza ya cika hannu, ƙarfe ya sirance, kaifin gefe ya mutu. Amfaninta shi ne tana zama a jikin mota daram, tun da kamfani ya buga ta, kauri da siffa duk na asali. Ita mai gasa yake nema. Ga mota mai yawa irin MGB, sau da yawa kuɗin sake rini ya fi kuɗin sabuwar kwaikwayo. Ga motar da ba a yi da yawa ba kuwa, ba wata hanya sai ita.

Ta biyu, kwantai, watau sabuwa ta kamfani wadda ba a taɓa ɗaurawa ba, ta shekara arba'in ko hamsin a sito. A sauran sana'o'i kwantai asara ne, a nan shi ne ya fi kome daraja, balle in tana cikin takardarta da lambar kamfani. Amma a warware a duba, don ɗanshin sito yana cin kurom a ɓoye.

Ta uku, sabuwar kwaikwayo. Akwai mai kyau, akwai ta banza. Aibunta da aka fi kuka da shi uku ne: ƙarfe ya fi na asali sirantaka, ramukan noti ba su faɗa daidai ba, rini kuma ba kauri. Kamfani ɗaya ma yakan sayar da daraja biyu a farashi biyu, don haka a tambaya wace ce aka turo.

Duk bambar kurom daga ciki take mutuwa. Bayanta ba ya samun rini sosai, laka da ruwa suna kwanciya a nan, tsatsa ta ci ta ɓullo ta gaba. Maganin wannan a shafe cikin da fenti ko kakin hana tsatsa kafin a ɗaura. Dillalin da ya gaya wa mai saye haka ya tsare wa kansa mutunci.

TA BIYU: ƘARFE MARAR TSATSA

Shi ne masu walda suke kira sitenles. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya gano shi a Sheffield ta Ingila a 1913. A nan kurom a cikin jikin ƙarfen yake, an narka su tare, aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100. Ba fatar da za ta ɓare. In ta ƙarzu a goge ta dawo, in ta lotsa a buge a sake gogewa, ba sai an koma marina ba. Ku da kuka san Peugeot 404 da 504 na farko-farko, Fijon nan da ta cika hanyoyinmu a shekarun 1970, kun san irin wannan bamba: jikin mota ya ruɓe a kangon makanike, bamba tana nan fes.

MGB ba ta fito da sitenles ba, amma yanzu ana yi mata, ita da sauran 'yan uwanta, da yawa kuma a Biyetnam ake buga su da hannu. Ga mai hawa, musamman wanda yake zaune bakin teku ko ƙasar da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, da wuya a sami abin da ya fi ta. Amma tana da nata cikas. Launinta ya ɗan karkata wajen rawaya, kurom kuwa wajen shuɗi, in aka jera ta kusa da hannun ƙofa ko zoben fitila na kurom mai lura zai gani, alƙalin gasa kuma zai rage maki. Da yake aikin hannu ne, wata ba ta zama sai an yi gyare-gyare, ga ƙarfen da taurin hudawa, yana cinye bakin dirila. Ƙananan ƙarzane kuma sun fi saurin kama ta.

Babban abin lura shi ne sitenles iri-iri ne, kowane da lambarsa. Mai lamba 304 shi ake so, yana da kurom kashi 18 da nikel kashi 8 cikin 100. Mai lamba 316 an ƙara masa wani ƙarfe da ya fi jure gishiri, ya kuma fi tsada. Mai lamba 201 an rage masa nikel an cika da wani ƙarfe mai araha, a ido ba shi da bambanci da 304, amma a wuri mai ɗanshi da gishiri yana fitar da ɗigon tsatsa. Mai lamba 430 kusan ba shi da nikel. To, ga inda ake yi wa dillali sakiyar da ba ruwa: a sayar masa da 201 a kuɗin 304. Maganaɗisu ba zai cece ka ba a nan, domin duk biyun ba sa kama shi sosai. Sai dai ka nemi takardar shaidar ƙarfe daga mai ƙira, ko a ɗiga ruwan gwaji da ake sayarwa don wannan aiki, ko a haska ta da na'urar nan ta hannu da manyan masu sayen ƙarafa suke amfani da ita.

A gaya wa mai saye kada a goge sitenles da burushin waya na baƙin ƙarfe ko soson ƙarfe. Ɓurɓushin yana maƙalewa ya yi tsatsa, mai mota ya dawo yana cewa an cuce shi, alhali yaronsa ne ya jawo.

TA UKU: ROBA

Motar da ta fito da roba, in ana son ta koma yadda take, roba za a mai da mata. Ba ta tsatsa, tana shanye ƙaramin karo ta koma daidai, abin da kurom ba zai taɓa yi ba. Maƙiyinta rana ce. Tana koɗewa ta yi toka-toka, daga baya ta tsattsage. Ta Corvette mai fenti in ta tsufa takan yi kwari da tudu, wata har ta riƙa marmashewa a hannu. In za a yi wa irin wannan fenti sai an zuba masa maganin da zai sa ya riƙa lanƙwasa tare da robar, in ba haka ba ya fashe.

A ta MGB, fatar waje takan yi kyau alhali ƙashin ƙarfen da ke ciki tsatsa ta gama da shi. Saboda haka a juya ta, a leƙa, a ƙwanƙwasa. Ga wata ƙa'ida da masu sayen na hannu suka sani: kayan ƙarfe a neme su daga busasshiyar ƙasa irin Arizona da kudancin Kalifoniya, inda ba gishiri a titi. Kayan roba kuwa na can rana ta riga ta dafa su, gara na ƙasa mai sanyi.

TA HUƊU DA TA BIYAR: ALMINIYAM DA FAIBA

Alminiyam, goran-ruwa ke nan, nauyinsa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne in girmansu ɗaya. Shi ne na asali a Porsche 911 daga 1974. Ba ya jan tsatsa, amma yana yin wani farin gari a ƙarƙashin fenti, musamman inda ya haɗu da notin baƙin ƙarfe ga kuma ɗanshi. In ya tsage sai mai waldar agon.

Faiba ta mai tsere ce. Ba nauyi, ba tsada, ba tsatsa, amma ba ta tare kome, karo kaɗan ta dare. Masu Corvette da yawa suna sa ta a madadin robar da ta lalace, tun da jikin motar ma faiba ne. Ba a yi mata ruwan kurom ta hanyar da muka bayyana, fenti ake yi mata. In ka ga faiba tana ƙyalli kamar kurom, feshi ne, a sayar da ita da sunan feshi. Wanda zai hau titi da iyalinsa a gaya masa gaskiya cewa ado ya saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai an gaya masa rariya ce.

JUYA TA ROBA TA KOMA TA KUROM

MGB mai kurom ta fi mai roba kuɗi a kasuwa, shi ya sa mutane da yawa suke juya tasu. Kada dillali ya ce wa kowa kwance wannan ɗaura waccan ne kawai. Sai an yi walda a modigadin gaba an gyara gurbin fitilun sigina, a rage bakin ƙarafan shasi inda tsohuwar bamba take kamawa, a cike gurbin da ke ƙarƙashin fitilun baya, a sayi ragar lagireto da ƙafafun bamba sababbi, a yi fenti. Yawanci kuma sai an sauke motar ƙasa, in ba haka ba ta tsaya kamar mai ɗage. Kuɗin bambar kansa ƙaramin kashi ne cikin lissafin.

Sa'an nan motar da aka juya ba ta zama ta 1970 ba, lambar jikinta tana nan tana ba da shaida. Wanda ya sayar da juyayya da sunan ta asali ha'inci ya yi, ranar da aka gane kuwa la'adar da ya ci ba za ta biya sunan da ya zubar ba.

ABIN DA KE MOTSA FARASHI

Na farko nikel, tun da shi ne jigon rinin kurom, shi ne kuma jigon sitenles 304. Indunusiya ce kan gaba wajen haƙo shi, kamar yadda Afirka ta Kudu take kan gaba a dutsen kurom. Ran 8 ga Maris 2022 farashin nikel ya haura dala 100,000 kowane tan a kasuwar ƙarafa ta Landan, har aka dakatar da cinikinsa, sai ran 16 ga wata aka sake buɗewa. Duk lokacin da nikel ya hau, mai ƙira ko ya ƙara kuɗi ko ya rage kauri. In ka ga nikel ya hau amma bamba ba ta motsa ba, ka tambayi kanka me aka rage.

Na biyu dokar lafiya. Maganin da aka saba rinin kurom da shi guba ne, yana jawo ciwon daji ga ma'aikata, yana ɓata ruwa. Tun Satumba 2017 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi sai da izini na musamman, a 2023 kuma jihar Kalifoniya ta tsai da shawarar daina shi a rinin ado sannu a hankali. Wannan ya ƙara wa masu marina ɗawainiya, kuɗin rini ya bi. Akwai sabon magani mai sauƙin illa, sai dai launinsa yakan ɗan fi duhu. Don haka gaba da baya da ƙahonni a rina su a marina ɗaya, lokaci ɗaya, kada launi ya saɓa.

Na uku kuɗin dako. Bamba doguwa ce mai lanƙwasa, masu jirgi kuwa girman kwali suke aunawa in ya fi nauyi tsada. A lissafa dako da kuɗin kwastan kafin a yi wa mai saye farashi.

GWAJI A GABAN RUMFA

Ga abin da za ka yi in an ajiye maka bamba. Ka sa maganaɗisu. In ya kama da ƙarfi, baƙin ƙarfe ne mai rini ko sitenles 430. In bai kama ba, ko ya ɗan kama a wurin lanƙwasa kaɗai, to 304 ne ko 201. In kuma ba nauyi, alminiyam ne ko faiba. Ka juya bayanta, domin a nan ake ganin tsatsa da walda da ciko da tambarin kamfani. Ka fita da ita rana, ka dubi inuwar wani miƙaƙƙen abu a jikinta, kamar bakin ƙofa ko igiya a miƙe. In inuwar tana rawa kamar a cikin ruwa, ba a gyara ƙarfen da kyau ba kafin rini. Ka leƙa lungu da kusurwa, in ka ga rawaya-rawaya, kurom bai kai nan ba, nikel ne a fili. Ka bi gefe da farce, in rini yana ɗagawa kamar ɓawon albasa, ka ce albarka. Ka ɗora ta a sikeli tare da tsohuwa ta asali, wadda ta fi sauƙi ƙwarai an rage mata kauri. Ka auna tsakanin ramukan noti da tef.

Kada a yi wa mota fenti sai an gwada bamba a jikinta, kada kuma a kai tsohuwa marina sai an gwada ta an ga ta zauna, domin bayan rini ba a bugu ba a huji. Wajen ɗaurawa, notin sitenles yana da kyau a inda ido yake gani, amma inda ƙafar bamba ta kama shasi a sa notin ƙarfe mai lamba 8.8 a kansa, ya fi na sitenles na yau da kullum ƙarfi. In za a sa na sitenles a shafa masa man giris, don yana da halin cijewa ya ƙi kwancewa.

Kafin duk wannan, a yi wa mai saye tambaya uku. "Ranka ya daɗe, mene ne lambar motar? Gasa za a kai ta, ko hawa, ko tsere? Ina za ta zauna, bakin teku ko busasshen wuri?" Mai gasa a nemo masa kwantai ko ta asali mai sabon rini. Mai hawa a ba shi sitenles 304, ko kwaikwayo mai rini hawa uku in launin kurom yake so. Mai motar 1975 zuwa sama da yake son ta zauna yadda ta fito a nemo masa roba mai lafiyayyen ƙashi. Mai tsere faiba ko alminiyam. A rubuta irin ƙarfen da sharaɗin mayarwa a takardar ciniki, kowa ya sa hannu.

Ku kuma masu sayen tsofaffin ƙarafa a kan kilo, in tsohuwar bamba mai siffar da ba ku saba gani ba ta faɗo hannunku, ku dakata da guduma. Ku duba bayanta ko akwai lamba, ku tambaya tukuna. Lotsattsiya mai tsatsa in ta asali ce, kuma tsatsar ba ta huda ta ba, tana gyaruwa, wanda yake nemanta kuwa ba da sikeli zai saye ta ba.

A nan za mu dakata. Allah ya ba da kasuwa, sai mun sadu a fitowa ta gaba.